Ƙarfen da Ke Bayan Idona

Litinin, bayan azahar

Uwata ce ta kawo mini wannan littafin. 'Yata ce, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya yi mata tsawa. Wai Likita ta ce in riƙa rubuta sau nawa na zaga da abin da na gani. Ba zan rubuta musu wannan ba. Shekara saba'in da huɗu ban taɓa ba kowa labarin abin da na baro a banɗaki ba. Littafin dai na karɓa.

Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan wani mai tsaron sito ne ya koya mini su a jikin kwalayen ƙusa, ina da shekara arba'in. In rubutun ya karkace, haka aka koya mini.

Talata, hantsi

Bari in ajiye abin da Likita ta ce, don kada gobe a ce ban fahimta ba. Yarinya ce mai tabarau, ba ta kai Uwata ba, amma tana kallon mutum in tana magana. Ta zana bututu a takarda, ta yi ɗigo kusa da bakinsa na ƙasa, ta ce ga abin nan. Ita ta kira sunansa, ciwon daji. Ni ba zan ƙara kira ba.

Sai ta zagaye bututun da ƙananan ɗigo-ɗigo, ta ce waɗannan kaluluwa ne. Na ce ai kaluluwa a matsematsi take fitowa in mutum ya yi tuntuɓe. Ta ce akwai 'yan uwansu a ciki, cikin kitse, kuma su abin yake fara sauka in zai yi tafiya. In bai kai gare su ba, za ta kwashe shi ta ƙasa, in koma gida yadda Allah ya yi ni. In ya kai, sai an gasa wurin da inji, sannan a cire hanyar gaba ɗaya, a huda mini ciki a maƙala jaka.

Na ce, "Jakar me?"

Babban ɗana ya ce, "Baba, a bari sai mun je gida."

Manaja nake ce masa, don tun yana rarrafe yake ba mutane umarni. Na ce masa ba shi na tambaya ba. Likita ta faɗa mini jakar me.

Hoto ne zai raba gardama. Jibi za a saka ni a injin hoton.

Laraba, la'asar

Mutum biyu sun zo yau. Suna faɗa a kan ko kakansu ne ya dasa bishiyar bakin layi ko maƙwabcinsa. Na gaya musu ba ko ɗaya, matar mai gyaran keke ce, shekarar da rufin makaranta ya faɗi. Duk unguwar nan in an rasa wa ya haifi wa, wa ya riga wa zuwa, wa aka binne kusa da wa, bencina ake nema. Ba na mantuwa.

Suna zaune ina lissafin tazarar da ke tsakaninmu. Taku ɗaya da rabi. Da jaka, wa zai zauna nan?

Alhamis, bayan magariba

Ban shiga ba.

Juma'a, da safe

Jiya hannuna ya ƙi rubutu. Ga yadda aka yi.

Ɗakin yana can ƙasa, sanyi kamar cikin randa. Aka ba da fom, Manaja ya karɓe, ya cike a kan gwiwarsa yana amsa waya. Ko ɗaga kai bai yi ba. Aka sa ni cire kaya, aka ba ni wata riga mai tsage a baya, wadda ko mahaukaci ba zai fita da ita ba. Mai hoton ya karɓi agogona, makullaina, har allurar da ke maƙale a hulata. Na ce, ɗan nan, fashi ne? Ya yi dariya, ya ce injin mayen ƙarfe ne, mai ƙarfin da zai fizgo kujera daga bakin ƙofa.

Na tsaya. Na ce, "To wanda ke cikin jiki fa?"

Ya duba fom. Ya ce, "Baba, nan an ce babu."

Na ce, "Wanda ya ce babu ba a haife shi ba lokacin."

Na gaya masa. Shekara talatin da ɗaya na yi a ma'aikatar gyaran injina, ina kan dutsen wasa ƙarfe. Ranar wata Asabar, ana saura kwana tara a haifi Manaja, ɓarɓashi ya tashi ya shige mini ta gefen idon dama. Heluma, shugabanmu a wurin aiki, ya wanke da ruwan gishiri ya ɗaure da tsumma, ya ce ya fita. Bai fita ba. Ni na san bai fita ba, don in sanyi ya yi ina jin sa.

Mai hoton ya ajiye biro. Ya ce ba zai saka ni ba sai an ɗauki hoton ido an gani, domin in akwai, injin zai iya jan sa ya yanka ido daga ciki. Shi kuwa hoton ido sai Likita ta rubuta, Likita kuma tana ɗakin tiyata. Mai bi mini a layi aka kira.

A mota Manaja ya ce, "Baba, in tsoro kake ji ka faɗa, babu wanda zai yi maka dariya. Kwana goma sha ɗaya na yi ina bin layin nan."

Uwata ta ce, "Yaya, ka bari mana."

Ya ce, "Ke kin taɓa jin labarin wani ƙarfe? Mutumin da ba ya barin labari ya kwana?"

Ta juya tana kallon titi. Wannan ya fi ci mini rai.

Asabar, azahar

A fom ɗin nan, wurin da aka tambayi sana'a, Manaja ya rubuta mini "mai ritaya". Shekara talatin da ɗaya, ya haɗa su a kalma biyu. Da ya rubuta abin da na yi, da mai hoton ya tambaya da kansa.

Lahadi, hantsi

Gaskiya ne ban taɓa ba su labarin ba. Ina ba da labarin mutane, ba nawa ba. Uwarsu kaɗai ta sani, ita ta riƙa ɗiga mini magani tana fama da tsohon ciki. Heluma ya rasu, mai tsaron sito ya rasu, ita ma ta tafi shekara shida ke nan. Ma'aikatar yanzu wurin ajiye motoci ne. Duk shaiduna suna ƙarƙashin ƙasa, saura ni, ni kuma an ce tsoro ne.

Litinin, la'asar

Sabon layin injin sai nan da kwana goma sha shida. Hoton ido ranar Laraba ta sama.

Talata, da safe

Na ji su a tsakar gida, sun ɗauka ina wanka. Matar Manaja tana cewa tsufa ne, haka kawunta ya fara, yana ba da labarin abin da bai faru ba. Manaja ya ce, mutumin da ya ɓoye jini wata takwas, sai da aka gani a wanki, shi za a yarda da maganarsa?

Wata bakwai ne.

Alhamis, bayan azahar

An je ɗibar jini. A benci na haɗu da wani tsohon direban babbar mota, baki kamar rediyo. Ya kalli katina ya ce, "A'a, ɗan ajinmu ne. Kai ma ta ƙofar baya aka shigo maka?"

Na ce ban san shi ba.

Ya ce, "Za ka san ni. Duk wanda ke zaune a nan a karkace, ɗan uwana ne. Ka shiga gangar?"

Na ce wace ganga. Ya ce injin. Wai minti arba'in ana buga maka guduma a ka, ka fito ba ka san sunan matarka ba. Shi an ga kaluluwa huɗu a nasa. Sai ya buga gefen rigarsa, wani abu ya yi ƙara kamar leda. Ya ce, "Shekara biyu. Tankin waje. Ni yanzu ko tafiyar kwana biyu ce ba na cewa direba tsaya."

Mutane suka yi dariya. Ni na tashi na koma wancan bencin. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan ajinmu, jakar ba ta cizo!"

Ban ji wari ba. Na shaƙa sosai, ban ji ba. Amma na tashi.

Juma'a, bayan masallaci

A sahu na tsaya, kafaɗa da kafaɗa. Ban san abin da liman ya karanta ba.

Lahadi, la'asar

Yau ya fi na jiya yawa. Ba zan rubuta ba.

Talata, hantsi

Wani abu ya dame ni tun asuba. In gobe aka duba ba a ga komai ba fa? Na zauna ina bin ranar daki-daki. Rigar da ke jikina shuɗiya ce, aljihun hagu a yage. Ƙarfen da nake wasawa na injin niƙa ne. Heluma yana cin gyaɗa. Duk ina gani. To amma matar Manaja ta ce kawunta ma yana gani.

In babu, ba kwana goma sha shida kawai na zubar ba. Duk wanda na taɓa gaya wa kabarin ubansa, sai ya koma ya sake tambaya.

Laraba, bayan la'asar

Akwai.

Aka ce in kalli sama, aka ɗauka. Aka ce in kalli ƙasa, aka ɗauka. Likita ta juyo mana da allon. Ga ƙoƙon kaina, ga ramukan ido biyu, ga shi can a na dama, fari fat, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Shekara arba'in da huɗu yana zaune, bai taɓa biyan haya ba.

Uwata ta rufe baki da mayafi. Likita ta ce, "Baba, da ka yi shiru ran nan, da wataƙila idon nan ya tafi."

Na juya na kalli Manaja. Yana kallon takalminsa. Na jira. Ya ce, "To ai alhamdu lillahi da aka gani."

Aka gani. Wa ya faɗa?

Duk hanya ina jin daɗi kamar yaro. Na sa aka tsaya na sayi lemo, na ba matar Manaja biyu, na ce ta kai wa kawunta ɗaya. Ta ce ai ya rasu. Na ce na sani, ran Talata ne, ana ruwa.

Alhamis, da safe

Daɗin bai kai safiya ba. Sai da na idar da salla na gane abin da na yi wa kaina. In akwai ƙarfe, babu injin. In babu injin, wa zai ga kaluluwa?

Asabar, azahar

An yi mini wani hoton a madadinsa, siti-sikan. Wannan bai damu da ƙarfe ba. An ɗura mini ruwa a jijiya, jikina ya ɗau zafi kamar na yi fitsari a wando. Minti biyar aka gama. Na tambayi yarinyar da ke wurin, in wannan yana yi, me ya sa aka wahalar da ni? Ta ce wannan ya fi ganin hanta da huhu, can ƙasa kuwa wancan ne gwani.

Wato an ba ni na biyu.

Litinin, la'asar

Yau kuma na uku. Wani sanda mai ido a baki. Ba zan faɗi ta inda aka bi ba. Na kalli bango, akwai tsaga a fentin mai kama da ƙugiya, ita na riƙe har aka gama. Likitan da ya yi yana ta cewa "sannu Baba, saki jikinka." Ɗan waye shi, ban tambaya ba. Karo na farko ke nan da na haɗu da mutum ban so sanin ubansa ba.

Laraba, hantsi

Manaja ya shigo ɗakina da kansa, ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana juya makullin mota. Ya ce, "Baba, ciwo yake yi? Idon?"

Na ce sai in an yi sanyi.

Ya ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Na ce, "An sallami mutum biyu a shekarar saboda ido. Kai kuma kana hanya."

Ya buɗe baki, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kashe. Bai taɓa kashe waya a gabana ba. Amma abin da ya zo faɗa bai faɗa ba, ni ma ban taimake shi ba.

Alhamis, bayan azahar

Likitocin sun zauna a kaina jiya, su shida, ba ni a wurin. Yau aka kira mu.

Hanta lafiya, huhu lafiya. Uwata ta fara hamdala, Likita ta ɗaga hannu. Ta ce an ga kaluluwa biyu kusa da abin. Ɗaya doguwa ce, ba ta dame ta ba. Ɗayar ta yi zagaye kamar ƙwallo, kuma ta ɗan fi girman da suke so.

Na ce, "Ya kai ko bai kai ba?"

Ta ce, "Ba mu sani ba."

Na ce, "Hoto uku."

Ta ce kaluluwa tana iya kumbura don wurin ya daɗe yana ciwo, ba komai a cikinta. Wata kuma ƙarama ce, lafiya lau a ido, alhali abin yana ciki. Hoto girma yake gani da siffa. Wancan injin ya fi ganin gefenta, ko sumul yake ko ya yi zaƙo-zaƙo, da launin cikinta.

Na ce, "To ku saka ni. Idon nawa ne. Ina da wani."

Ta ce babu wanda zai saka ni.

Na ce, "In sa hannu. In dangwala. In kawo shaidu."

Ta ce, "Baba, ko ka kawo alƙali."

Manaja ya tambaya ko za a iya cire ƙarfen. Ta ce ta yi magana da likitan ido. Yana can baya, kusa da jijiyar gani. Layinsu sati shida, sannan a jira ya warke, sannan a sake bin layin injin. Kuma ba ya son taɓa abin da ya zauna lafiya shekara arba'in. Ta ce zaɓi nawa ne, amma abin da ke ƙasa ba ya bin layi. Shawararsu a ɗauka ya kai. A fara gashi, sati biyar, sannan babban aikin.

Na ce sai na yi tunani. Manaja ya ce, "Baba," na ce ka fita. Ya fita.

Juma'a, da safe

Da na yi shiru ran nan. Minti arba'in. Wataƙila da bai motsa ba. Shekara arba'in da huɗu bai motsa ba.

Juma'a, la'asar

Da ya motsa.

Asabar, hantsi

Uwata ta zo da wanki, ta zauna tana ninkewa ba ta kallona. Ta ce, "Baba, jira za ka yi, ko?"

Na ce wata biyu ne, ko uku.

Ta ce, "Na ga zanen gadonka yau."

Na ce ba na son magana.

Ta ce, "Ni ma ba na so. Tun ina yarinya kake cewa wane ya mutu ranar kaza saboda ya ƙi jin kaza. Kai ka gaya mini mai gyaran keke ƙafa ce ya hana a yanke. Wa zai riƙa ba da naka labarin? Ni ba zan iya ba, ba ni da kanka."

Na ce mata ta fita ita ma. Ba ta fita ba. Ta gama ninkewa tukuna.

Litinin, bayan azahar

Na koma ni kaɗai, a motar haya. Na zauna bakin ƙofar Likita har ta gama da mutum goma sha uku. Ta ce, "Baba, ina 'yan rakiya?" Na ce yau ni na kawo kaina.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Na ce, a ce an cire ƙarfen, a ce na shiga injin, a ce ya nuna babu komai. Za ki rantse babu?

Ta cire tabarau. Ta ce a'a. Ta ce ko shi yana kuskure, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tabbas ɗaya ne kawai, a ciro kaluluwar a yanka ta a duba a madubin likita.

Na ce, "Wato sai an yanka ni za a san ko ya kamata a yanka ni."

Ta ce, "Kusan haka ne."

Na ce, "In an duba aka ga babu komai, za ku mayar mini da abin da kuka cire?"

Ba ta kawar da kai ba. Wannan kam na yaba mata.

Sati huɗu ina faɗa a kan hoto, na ɗauka shi ne mai shaida. Ashe shi ma cewa zai yi, ina jin, ina zato. Ni da na ce akwai ƙarfe, akwai ƙarfe.

Na ce ta kawo takardar. Na sa nas ta karanta mini layi-layi, har inda aka ce mai yiwuwa jakar ta zama ta har abada. Na ce ta maimaita wurin. Ta maimaita. Na rubuta sunana, ya karkace, ya hau kan layin ƙasa.

Talata, magariba

Na gaya musu. Uwata ta yi kuka, Manaja ya ce Allah ya saka da alheri, kamar na ba shi kyauta. Ba don su na yi ba. Ban san don wa na yi ba.

Alhamis, hantsi

An auna ni don gashin. An ɗiga mini tawada uku a ƙugu, wai su ne alamar da injin gashin zai bi. Za a fara Litinin.

Kafin in fito na tambayi nas, in lokacin ya zo, a wane gefe ake maƙala ta. Ta nuna mini da yatsa, ƙasa da cibiya kaɗan, ta hagu.

Tun ina yaro ta hagu nake kwanciya. Uwata ta gaskiya ta yi duka, uwar yara ta yi faɗa har ta gaji, ban canza ba.

Alhamis, bayan azahar

Na rufe ƙofa na kwanta ta dama, ina koya. Barci bai zo ba. Gobe zan sake.